Ranar da Na Fito da Buta a Hannu

Ba zan taɓa mantawa da abin da idona ya fara sauka a kansa ba ranar da na dawo dogon hutu, shekarar da sojoji suka koma bariki. Tasi ta ajiye ni a bakin titi, na jawo akwatina cikin lungunmu na Soron Ɗinki, ina tsallake kwatoci, hotunan 'yan takara da ruwan damina ya jiƙa suna ta ɓaɓɓakewa daga jikin katangu. Na yi sallama a soron gidanmu, sai na ga wani abu a tsugune a kusurwa, an lulluɓe shi da tsohon zanin Mama. Na ɗauka wata baƙuwa ce marar lafiya take jiran a shigar da ita. Har na rusuna na ce, "Ina wuni?" Da na ji shiru na ɗaga bakin zanin. Ashe masai ne na tangaran, irin na zama, fari fat, da takardar kanti manne a gefensa.

(Gara in faɗa tun yanzu: ni mai kallo ce, ba mai magana ba. A makaranta ina iya gaya miki wace malama ce ta sake dunduniyar takalminta, da wace yarinya ce ta yi kuka kafin ta shigo aji. Amma a tsayar da ni a tambayi sunana a gaban mutane, sai in kasa faɗa. Wannan gaisuwa da na yi wa masai, ita ce magana mafi tsawo da na yi wa baƙo a wannan zangon.)

Sai da na shiga cikin gida na san dalilin zuwansa. Hajiya, mahaifiyar Baba, ta zame a farkon damina a hanyarta ta zuwa bayan gida, ta karye a ƙugu. Ba a sanar da ni a makaranta ba, wai kada hankalina ya tashi ana jarrabawa. An yi mata ɗori, ƙashi ya kama, har tana iya miƙewa da sanda ta yi 'yan taku daga gado zuwa bakin taga. Amma bayan gidanmu yana can ƙarshen tsakar gida, bayan rijiya, bayan bishiyar gwaiba, ga santsi ga tudu da kwari. Wannan tafiya ta fi ƙarfinta.

Sunanta na ci, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Ummi, ita kuma ta ce takwara. Ba suna kaɗai na gada a wurinta ba, har da kunya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Hajiya ta ratsa tsakar gida da buta a hannu ba. Sai ta jira kowa ya watse, ko ta riga kowa tashi. Muna yara har gardama muka taɓa yi da 'yar maƙwabtanmu a kan ko Hajiya tana zuwa bayan gida kamar sauran mutane. Ɗakinta kullum ƙamshin turaren wuta, kwanukan jerenta suna ɗaukar ido, shimfiɗarta ko lanƙwasa babu.

Ranar da na shiga gaishe ta, ƙamshin yana nan, har ya fi na da ƙarfi. An ƙara garwashi a kasko fiye da yadda ɗakin yake buƙata. Na durƙusa ina gaisuwa, idona kuwa ya riga ya tafi ƙarƙashin gado, inda na hango gefen wani fo na roba an kife masa faifai. Na yi sauri na ɗauke kai. Ta ga na gani.

"Takwara, an dawo? Sun bar ki da yunwa a makarantar nan, dubi wuyanki kamar na buta."

Na yi murmushi. Wuyanta ya fi nawa ramewa, amma ba a faɗa wa kaka haka.

A ƙuryar ɗakinta, bayan kan gado, akwai wani ɗan ɗaki da marigayi Alhaji, kakanmu, ya fitar don wanka lokacin sanyi. Yana da rariya da 'yar taga a sama. Bayan rasuwarsa ya koma ma'ajiyar tsofaffin tukwane da buhun gero da wata keken ɗinki da ta mutu. Shi ne Baba ya ƙudura zai gyara, ya sa masa masai da tayil, ya zama banɗakin Hajiya ita kaɗai, taku kaɗan daga gadonta.

Baba tela ne. Babbar riga yake ɗinkawa, kuma a shekarar nan aiki ya yi masa yawa, don duk wanda ya ci zaɓe, da wanda yake sa ran a ba shi wani abu, sai ya ɗinka fara. Da ya so, da ya kira birkila da mai aikin famfo sun gama cikin 'yan kwanaki. Hajiya ce ta hana. Mama ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Ba ƙaton da zai shigo min ɗaki ina kwance kamar kayan wanki," in ji Hajiya.

"To ni zan yi, Hajiya."

"Kai? Kai da ƙusar rataye agogo sai da ka kira Malam Habu kafinta?"

"Wanda ya iya haɗa wuyan babbar riga ai ba zai kasa haɗa bututu ba."

"Kuma a ina aka taɓa kwana ɗaki ɗaya da masai? Sai a gidan Nasara."

"A Makka ma haka kika samu, Hajiya, kuma kika dawo kina yabawa."

Wai da ya faɗi haka sai ta juya fuska bango ta ce ya yi abin da ya ga dama, amma kada ya ɓata mata jere da ƙura.

Haka Baba ya zama magini. Da safe yana shago, in ya yi azahar sai ya dawo ya tuɓe riga, ya bar tef ɗin awo rataye a wuyansa don ya saba. Da shi ya auna ƙasa da bango, ya yi alama da allin ɗinki. Ya yanka takardar buhun siminti daidai siffar ƙasan ɗakin, ya shimfiɗa a tsakar gida, ya jera tayil a kai yana juyawa yana sakewa, kamar yadda yake yi wa yadi kafin ya sa almakashi. Kwaɓin farko ruwa ya yi masa yawa, ya zama kamar koko. Na biyu ya daskare a kan cebur kafin ya gama shawara. Akwai wani tayil kusa da ƙofa da ya karkace ya ƙi zama daidai da 'yan uwansa, da Mama ta nuna masa sai ya ce ado ne. Yatsunsa da suka saba da allura duk suka tsage, in zai koma shago sai ya shafa man kaɗe ya naɗe su da ƙyalle don kada ya ɓata wa mutane fararen kaya.

Aikina ni shi ne zama da Hajiya. In yi mata fifita, in miƙo carbi, in rufe jere da zani in Baba zai fasa bango. A nan na gano abin da ba wanda ya sani a gidan.

Mama za ta shigo da kunu a kofi, ta durƙusa ta ajiye. Hajiya ta ce, "Sannu, Allah ya yi albarka, bari ya huce." Mama na fita sai ta turo min kofin da bayan hannu.

"Takwara, rufa min asiri."

Na farko na ɗauka ba ta son kunun ne. Na shanye. Aka kawo fura, haka. Aka kawo ruwan randa, ta kurɓa ta jiƙa leɓe, ta miƙo min sauran. Tuwo kuwa loma biyu take yi ta ce ta ƙoshi. Mama tana zuwa ɗaukar kofi ta gan shi wayam, ta fita da murna tana gaya wa Baba cewa yau Hajiya ta sha sosai. Sai wata asuba da na ga Mama ta fito daga ɗakin da fo ɗin nan a rufe da tsumma, tana tafiya a hankali, na kuma ga Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya har Mama ta dawo, sannan na fahimta. Ba ta so surukarta ta riƙa ɗaukar mata wannan abu. Tunda ba ta da ikon hanawa, sai ta rage abin da zai sa a ɗauka. Leɓenta ya bushe ya tsage, fatar hannunta in an mintsine ta ba ta saurin komawa, in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta.

Na gani sarai. Na san ya kamata in gaya wa Baba, ko aƙalla in ce wa Hajiya ni zan riƙa fitar mata da shi, tunda jika ba suruka ba ce. Amma ta yaya zan buɗe baki in ambaci fo a gabanta? Kullum in shirya maganar a raina, in ta turo kofi sai in karɓa in kafa kai. Har na fara yin kumatu, Mama tana cewa hutu ya karɓe ni.

Ran wata Alhamis da yamma Baba ya kinkimo tangaran ɗin daga soro, yana nishi, ya kai shi mazauninsa. Ya zura masa bututu ta baya, bututun ya bi ta hudar da ya fasa a gindin bango. Ya share ƙasa, ya goge tayil, ya ajiye bokiti cike da ruwa da sabuwar buta shuɗiya a gefe. Ya ja da baya yana kallo, hannu a ƙugu.

"Gobe in Malam Liman ya zo dubiya zai leƙa ya gani," ya ce wa Hajiya. "Kada ya zama an fuskanci alƙibla ko an ba ta baya. Na dai gwada shi tukuna."

Na ji wannan magana da kunnena. Kuma 'yar tela ce ni, na san abin da gwaji yake nufi a bakin Baba. Ba ya kashe ɗinki sai mai riga ya zo ya sa an ga zamanta, kafin nan ɗan kamu kawai yake yi mata da zare mai saurin warwarewa. Amma idona ya tafi ga wasu abubuwa. Na lura da zanen babban yatsansa da ya fito a siminti kusa da rariya. Na lura tururuwa sun riga sun sami hanya ta ƙarƙashin karkataccen tayil ɗin nan. Abin ya yi kyau, ya yi tsaf, sai na sa a raina an gama.

Wanshekare Juma'a, Mama ta ce in share tsakar gida in shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin Hajiya, don baƙi za su zo bayan masallaci. Ina shara na ga bakin wani bututu ya leƙo daga gindin bango, ya tsaya haka nan a sarari, ba rami a gabansa ba komai. Mama ta ce in jingina tsohuwar tabarma a kai don kada baƙi su ga tarkace. Na jingina. Har na tsaya na duba wani gizo-gizo da ya fara saƙa a cikin bakinsa. (Ku dubi wannan: na ga gizo-gizo, na ga saƙarsa, amma in tambayi kaina wannan bututu daga ina ya fito, kaina bai kai nan ba.) Na shimfiɗa sababbin tabarmi tun daga jikin bangon har bakin ƙofa, na ɗora darduma a inda manya za su zauna.

Ranar Mama ta yi ƙoƙari saboda baƙi. Da safe kunun gyaɗa, nawa da na Hajiya. Da hantsi fura, tawa da ta Hajiya. Ga zoɓo da aka dafa tukunya guda, aka kawo wa Hajiya babban kofi ta ɗanɗana ta ji ko sukari ya ji.

"Takwara."

Na shanye.

Ina shirin fita kenan in zaga, sai na ji sallamar maza a soro, Baba yana cewa a shigo, a shigo, ai gida ne. Mama ta shige kicin ta ja ƙofa. Ni kuwa na koma da baya na saki labule. Suka zo suka zazzauna a kan tabarmin da na shimfiɗa, daf da labulen, ina ganin yatsun ƙafafunsu ta ƙasa. Akwai Malam Liman, tsoho mai sanyin murya wanda shi ya raɗa min suna. Akwai mai unguwa da wasu dattawa biyu. Sai sabon kansilanmu, ɗan lungunmu ne, Hajiya ta sha koro shi daga kan gwaibarmu yana yaro, yau ga shi cikin farar babbar riga da Baba ya ɗinka masa, sitaci yana ƙara in ya motsa.

Aka gaisa ta bayan labule. Ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah ya sa kaffara ne. Hajiya tana amsawa da muryarta ta da, wadda take ajiyewa don baƙi. Malam Liman ya yi doguwar addu'a aka shafa. Na ce a raina yanzu za su tashi. Sai kansila ya gyara zama.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana magana ba, na dai san marata ta san kowace kalma. Ya yi godiya a kan ƙuri'a. Ya ce yanzu mulki na jama'a ne, ba na bindiga ba. Ya bi kwatocin unguwa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin yadda za a gyara su. Mai unguwa ya kawo maganar fitila, aka buɗe wani sabon babi. Ni ina tsaye jikin gado, na harɗe ƙafafu, gumi yana bin bayana. Hanyar bayan gida ɗaya ce, kuma sai na ɗaga labule, na ratsa ta tsakanin maza biyar, na ɗauki buta a gindin rijiya suna kallo. Duk wanda ya ga yarinya da buta ta nufi bayan gwaiba ai ya san inda za ta. Na gwammace ƙasa ta tsage.

Na dubi Hajiya. Idonta a lumshe, carbi yana tafiya a hannunta. Na dubi ƙofar ƙurya. Na zare takalmina, na bi ta bayan gado a kan yatsu, na shige, na tura ƙofar a hankali.

Ba sai na yi bayani ba. Zan dai ce a rayuwata ban taɓa gode wa Baba kamar wannan lokaci ba. Da na gama, don kada in bar wata alama, na ɗaga bokitin nan da hannu biyu na juye shi duka, a hankali, ba ƙara. Na tsaya ina kallon ruwan yana tafiya, har ina yaba aikin.

Ta 'yar tagar sama nake jin kansila yana cewa in Allah ya yarda kafin baɗi ruwa zai shigo har cikin gidajen nan. Sai ya yi shiru a tsakiyar magana. Na ji ƙarar sitaci, na ji ana ja da baya, na ji wani dattijo yana salati ƙasa-ƙasa. Tsohuwar tabarmar da na jingina ta faɗi.

A nan ne bututun nan da gizo-gizonsa suka dawo min.

"Subhanallahi," in ji Baba. "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri. Malam, ɗaga rigarka. Ranka ya daɗe, matso nan."

"Ba komai," Malam Liman ya ce wa Baba. "Abu ɗaya zan tambaya, don ga la'asar ta gabato. Wannan ruwan mene ne?"

"Ruwa ne mai tsarki, Malam. Ba a fara amfani da wurin ba, ko kama shi da siminti ban yi ba, kai nake jira. Bokiti na ajiye a ciki, wataƙila shi aka zubar."

"To alhamdu lillahi. In haka ne ai sai mu matse mu wuce masallaci, iska za ta busar."

A Islamiyya babin tsarki ne na fi kowa iyawa, a rubuce dai. Na san abin da yake kan rigar limamin da zai ja unguwa guda sallah nan da ɗan lokaci. Na kuma san in na yi shiru ba mai sani har abada. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na ji sun fara neman takalma.

"Malam."

Muryar Hajiya ce, ba ta baƙi ba, wata ƙarama da ban taɓa ji ba.

"Kada ku yi sallah da tufafin nan. Ni ce. Tsufa ne, na kasa haƙuri. Ku yafe ni."

Tsakar gida ta yi tsit, har ina jin sauran ruwan yana ɗiga daga bakin bututu. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Tana kwance yadda na bar ta, ta juya fuska bango, carbin ya tsaya. Matar da ta shekara saba'in da wani abu ba a ga butarta ba, matar da take barin kanta da ƙishirwa don kada mace ɗaya ta san sirrinta, ita ce ta faɗi wannan a gaban liman da mai unguwa da yaron da take kora daga kan gwaiba.

Ban san lokacin da na ratsa ɗakin ba. Na dai tsinci kaina na yaye labule, ina tsaye a bakin ƙofa, ba takalmi, ba mayafi, ɗankwali ya zame. Maza biyar a tsaye, kowa ya tattare rigarsa zuwa gwiwa. Sai da na ga idon mai unguwa ya sauka a hannuna na lura ashe shuɗiyar butar nan tana riƙe a hannuna, ban ma san na ɗauko ta ba.

"Ba Hajiya ba ce, ni ce," na ce. Muryar ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har tantabarun maƙwabta suka tashi. "Ni na shiga. Hajiya ba ta ma da abin da za ta yi, ba ta shan komai. Duk abin da aka kawo mata ni nake shanyewa, don kada Mama ta riƙa fitar mata da fo."

Na ji wani abu ya faɗi a kicin.

Da a ce na tsaya a "ni ce", da ya wadatar. Amma bakin da ya daɗe a rufe, in ya buɗe ba ya sanin iyaka. Na tsaya ina haki, butar tana ɗiga a kan ƙafata. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi min sauƙi. Baba bai dube ni ba. Labulen yake kallo, bakinsa a ɗan buɗe, hannayensa masu tsaguwa a sake.

Malam Liman ne ya fara magana. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin tsare mana sallarmu." Ya juya wajen labule ya ƙara da cewa, "Hajiya, jiki amana ne. A sha ruwa."

Kansila ya dubi gindin rigarsa, ya dubi gwaiba, ya ce, "Hajiya, na ɗauka mun daɗe da yin sulhu a kan bishiyar nan." Mai unguwa ya yi tari a cikin hannun riga. Baba ya farfaɗo, ya ruga shago ya kwaso rigunan mutane da ba a zo karɓa ba, aka sauya a soro. Ranar Malam Liman ya ja la'asar da rigar wani ango, hannuwanta sun wuce yatsunsa. (Bayan sallah ya dawo ya leƙa ƙuryar, ni ina ɓoye a bayan randa. Ya ce masai ɗin kudu yake kallo, ba laifi, a kama shi.)

Ni na wanke tabarmi da darduma, na kwarara wa tsakar gida ruwa har hannuna ya yi fari. Mama tana jan guga tana zuba min, idonta ja. Baba kuwa ya shiga ɗakin Hajiya ya zauna a ƙasa wajen ƙafafunta. Da ya fito sai ya ɗauki diga ya fara haƙa hanyar bututu zuwa ramin masai, da rigar Juma'arsa a jikinsa, bai tsaya ba sai da aka kira magariba.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama lungu. Da aka aike ni sayen ashana, matar mai kanti ta leƙo ta taga ta ce, "A'a, 'yar gidan tela, ashe kina magana?" Har yau akwai tsofaffi a Soron Ɗinki da in an ambace ni sai sun ce, "Wacce? Mai buta?"

An koya mana kunya ado ce, kuma ban ƙaryata ba. Sai dai na gane tana da irin halin tsohuwar tabarmar nan da na jingina: tana rufe bakin bututu, ba ta hana ruwa fitowa. Na ƙi wucewa da buta a gaban mutum biyar ina sunkuye da kai, na ƙare a tsaye a gabansu da ita ina jawabi. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ya fi damuna shi ne Hajiya ta daina yi min magana. Na yi mata fifita, ta ja mayafi. Na miƙa carbi, ta karɓa ba ta dube ni ba. Sai da gari ya waye, Mama ta kawo kunu ta ajiye ta fita ba ta ɗaga kai ba, sannan Hajiya ta ce, fuskarta tana bango:

"Na rufa miki asiri, kin tona min nawa."

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"A gaban Liman. A gaban ɓarawon gwaiba."

Kafaɗarta ta ɗan girgiza. Ban sani ba ko kuka ne ko dariya, ina jin ita ma ba ta tantance ba. Daga waje ana jin digar Baba tana sauka. Ta juyo a hankali, ta dubi kofin, ta dube ni, hannunta ya fara tafiya zai turo shi kamar kullum. Na riga ta. Na ɗauki kofin da hannu biyu, na durƙusa, na kai shi daf da leɓenta da ya tsage.

"Hajiya, don Allah yau ki shanye da kanki. Fo ɗin kuma ki bar min shi, ni zan riƙa fita da shi har Baba ya gama. Ai ba sauran wanda bai gan ni da buta ba a unguwar nan."